Shekarar Tiyon Jan Ƙarfe

Sani da Rabi, wannan babin naku ne, ku da 'ya'yanku. Kun tashi a gidan baffanku Nomau kuna jin cewa mahaifina, Arzika maƙerin Tsibiri, shi ya kashe ubanku da karambani da son a sani. Kun sha maganar tare da kokon safe har ta zauna muku. Ni kuwa na yi shiru, ba don ba ni da baki ba, duk unguwa ta san ina da shi har ya yi yawa. Ɗaure mini shi aka yi, kuma wanda ya ɗaure ya daɗe a ƙasa. Yanzu gwiwoyina sun fara yi mini sallama, ba zan yarda in tafi da abin nan a ciki ba.

Ubanku ba zan kama sunansa ba, bakina bai saba ba, kuma ba yanzu zai koya ba. Gidansu maƙeran babbaƙu ne a Maraɗi, masu hauya da gatari da lauje. Gidanmu maƙeran farfaru ne a Tsibiri, masu munduwa da zobe da kayan adon doki, aikinmu azurfa da jan ƙarfe. Wuta ɗaya muke hurawa, amma kowane gida yana ganin ɗayan bai kai ba. Su suna cewa mu masu yi wa mata kwalliya ne, mu muna cewa su masu dukan abu ne har ya gaji ya yarda. Ubanku bai zauna a maƙera ba. Tun yana saurayi ya bi motocin kamfanonin Nasara masu sayen gyaɗa, ya koyi tuƙi, bayan ambaliya ta sa an tashi garin Maraɗi daga fadama an hau tudu ya samu wata tsohuwar ƙaramar motar kaya a hannun wani ɗan kasuwa da ya gaji da ita. Motar ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Tana tari da safe kamar tsoho mai shan taba, amma ita ke ciyar da mu, tana jigila tsakanin Maraɗi da Jiratawa, ta kai gishiri da kananzir, ta dawo da gyaɗa da albasa.

Sai na gaya muku yadda kunyar suruki take a lokacinmu, don ku na yanzu kuna cin tuwo kwano ɗaya da uban matarku har ku roƙe shi ya miƙo gishiri. A da, miji ba ya kallon fuskar surukinsa, ba ya ci a gabansa, ba ya mayar masa da magana. In akwai zance, sai a aika. Ubanku kuwa ya fi kowa. Akwai ranar da ya hango Baba a hanyar kasuwa, babu lungun da zai shiga, sai ya faɗa gonar gero ya tsuguna har Baba ya wuce, ya dawo gida riga duk ƙaiƙayi. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Mutane kuwa yabonsa suke, ana cewa gidan su Nomau an haifi ɗa mai kunya. Ni ma abin yana mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

A ƙarshen daminar shekarar da abin ya faru, kai Sani kana goye, Rabi tana ciki, motar ta zubar da man birkinta a tsakar gida. Ni na fara gani, na ɗauka akuya ce ta yi fitsari. Ubanku ya shiga ƙarƙashi ya fito da fuska a murtuke. Akwai wani siririn tiyo na baƙin ƙarfe, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, da ke bin cikin motar daga inda direba ke takawa zuwa ƙafafu. A cikinsa man birki ke gudu. In ya huje ko da wuri ɗaya ne, ka taka har ƙasa, mota ba ta san kana yi ba. Namu tsatsa ta cinye shi, don duk damina a cikin laka da ruwan Gulbi yake wanka. Ga shi an kusa buɗe awon gyaɗa, lokacin da mai mota ke samun abin da zai ci shekara.

Aka shiga shawara, gidan ya cika da murya. Yaya Nomau, wan ubanku kuma babban gida tun rasuwar mahaifinsu, ya gwada liƙe tsohon a maƙerarsa, ya ɓalle a takun farko. Aka ciro wani daga wata matacciyar mota a bayan gari, shi ma tsatsar ta riga mu. Sabon tiyon baƙin ƙarfe kuwa sai Kano, a ƙasar Ingilishi, sai an samu mai zuwa, sai ya samo daidai, sai ya wuce da shi iyaka. Yaya Nomau ya ce a jira. Akwai wani makanike mutumin Dahome da ke garejin wani kamfani, ubanku ya je wurinsa ya tambaye shi ko tiyon jan ƙarfe zai yi, don shi ana samunsa, ba ya tsatsa, kuma da hannu ma ana lanƙwasa shi. Ya dawo ya gaya mini amsar muna cin abinci. Mutumin ya ce a cikin gari, a hanya mai laushi, zai yi. Amma a jar hanyar Jiratawa mai gargada, girgiza za ta tsaga shi wata rana ba sallama. Ku riƙe wannan da kyau, ubanku ya sani tun kafin kowa.

Ni ce na kai labarin Tsibiri, ba da wata manufa ba. Na je suna, Inna ta ga na rame, na ce mota ce kwance. Baba yana jin mu daga rumfarsa. Ashe yana da wani naɗin tiyon jan ƙarfe da ya saya cikin tarkacen wani injin Nasara, yana ajiye da shi don ya narka ya yi mundaye. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a tambaya wace rana maigidana ba ya gida. Ranar da ubanku ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, sai ga Baba da hantsi a kan jaki, da jakar kayan aikinsa. Dattijo mai furfura, wanda sarakuna ke aiko masa da azurfa, ya tuɓe babbar riga ya kwanta a ƙasa ƙarƙashin motar surukinsa. Ya auna tsohon tiyon da zare, ya lanƙwasa sabon gwiwa-gwiwa yadda wancan yake, ya buɗe bakunansa da ɗan ƙarfen da ya ƙera musamman, ya ɗaure. Maƙwabta suka taru a ƙofa suna kallo, don ba a taɓa ganin irin haka ba. Ni ina tsaye da kwanon ruwa, alfahari ya cika ni har wuya.

Yana cikin wanke hannu Yaya Nomau ya shigo. Ya gaishe shi yadda ya kamata, ya leƙa ƙarƙashin motar, sannan ya juya wajen mutanen da ke ƙofa, ba wajen Baba ba.

"Ikon Allah. Yau ga mato da munduwa. Saura a yi mata kitso a kai ta ɗaki."

Aka yi dariya, wasu suka rufe baki. Baba ya ji sarai. Ya sa rigarsa, ya ɗaure jakarsa, ya ce mini in gaida maigidan, ya hau jakinsa. Ruwan ma bai sha ba.

Da ubanku ya dawo aka ba shi labari biyu a tare, aikin da maganar. Ya daɗe a ƙarƙashin motar, ya fito bai dube ni ba. Na san abin da ke ransa, don ni ma ina tuna zancen mutumin Dahome. Na ce masa a hankali ko zai bari sai na Kano ya zo.

"Hurera, Baba ya kwanta ƙasa saboda ni. Gaban mutane. Kuma gaban mutane anka yi mai dariya cikin gidana. In na cire, mi na ce? Na ce Yaya ya yi gaskiya ke nan."

Washegari ya zuba mai, ya fitar da iska, ya taka. Birki ya kama kamar sabuwar mota. Ya aika da goro da turmin alawayyo Tsibiri ta hannun wani dattijo, ya fara jigila. Kaka ta yi kyau, gidan ya yi haske, har aka fara cewa hannun Arzika akwai albarka. Ubanku da kansa yake tsayawa a tasha yana nuna wa direbobi tiyon yana sheƙi, yana cewa aikin surukinsa ne. Yaya Nomau ya daina zancen aike Kano. Ni kuwa duk ranar da motar ta fita, sai na ji ƙararta ta dawo nake iya haɗiye abinci.

Baba bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa sai a tsakiyar kakar nan. Jakinsa ya yi ciwon ƙafa, ga aikin da zai kai kasuwar Maraɗi, sai ya hau wata motar haya. Daga tasha bai je kasuwar ba, gidanmu ya yo. Ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. Na same shi ko zama bai yi ba, jar ƙura har gira.

"Ɗiyata, haka hanyar Jiratawa take, kamar wagga da na biyo?"

Na ce ta fi ta muni.

"To na yi ɓarna. Haƙorana sun yi ta bugun juna tun daga Tsibiri. Jan ƙarhe in shina shan masaba, taurara shikai, in ba a maishe shi wuta ba sai shi tsage. Yaron da ka hura mini zugazugi ma ya san wanga. Ni na aza mato tahiya takai kamar jaki. Ashe hanyar duk masaba ce. Ki hwaɗa ma maigidanki shi cire tiyon nan yau. Ba gobe ba."

Na gaya masa da yamma, kalma da kalma, ban rage ba ban sassauta ba. Ina so ku san wannan, don kada wani ya ce mace ce ta tauna saƙo. Ubanku ya saurara har ƙarshe, sai ya yi murmushi, irin na wanda aka yi wa alheri.

"Allah sarki Baba. Kara ce shikai mini. Ya ji zahin maganar Yaya, shina son shi buɗe mini ƙohwa in hita ba kunya. Babba in ya ce maka maido kyautata, ba ta kai ba, kai sai ka miƙa mai?"

Na ce ba kara ba ce, na ga idonsa. Na ce mutumin Dahome ma ai haka ya faɗa, shi kuma karar wa yake yi? Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba, na ce kunyar da za ta mayar da ni gwauruwa da goyo da ciki ba kunya ba ce, wauta ce. Ya ce in rage murya kada a ji a sashen Yaya. Abin da ya dame shi ke nan, kada a ji.

Baba ya sake dawowa ranar kasuwa ta gaba, wannan karon da niyyar ya karya al'ada ya yi magana da shi baki da baki. Ya yi sallama a zaure ya ce maigidan yake nema. Ubanku yana tsakar gida yana alwala. Yana jin muryar ya ajiye buta, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi ta ƙofar baya inda awaki ke fita. Ina kiransa ƙasa-ƙasa, ina jan rigarsa, ya fizge. Na fito na ce wa Baba ba ya nan, Baba ya dubi motar da ke tsaye a ƙofar gida, ya dube ni. Bai zo da kayan aiki ba, da ya cire da kansa a take. Ya ce zai dawo da su. Ya ce kuma kada in kai maganar wurin Nomau, don in wa ya tilasta ƙane a kan wannan, gidan ba zai sake zama ɗaya ba. Kowa yana tattalin wani, tiyon kuwa yana can yana shan hanya.

Abin da ba wanda ya sani a gidan sai ni shi ne, maganar ta shiga ubanku. Bayan zuwan Baba na biyu ya koma wurin mutumin Dahome a ɓoye, ya samo tiyon baƙin ƙarfe sabo fil, wanda aka kawo don motocin kamfani. Ya shigo da shi naɗe cikin buhu ya tura ƙarƙashin gadona. Na yi hamdala, na ce to a sa.

"Bari a rufe awo tukuna. Yanzu ido na bisa motar. In kaka ta wuce in kai ta gareji in ce gyaran shekara ne, in canza ba wanda ya sani. Baba bai ji kunya ba, Yaya bai yi dariya ba. Saura kaɗan, Hurera. Ina lallaɓa ta."

Saura kaɗan ɗin ne bai cika ba. Wata Laraba bayan azahar ya ɗauko buhunan gishiri zai kai Jiratawa. A gangaren da ke sauka fadama ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Yaron motar da ya yi tsalle ya tsira shi ya ba da labari, ya ce akwai mata da jakuna a gindin gangaren suna dawowa daga rafi, ubanku ya karkatar da motar ya bar hanya, ta haɗu da wani gawo. Gishirin da ke baya ya taho gaba gaba ɗaya. Ina tankaɗe aka yi sallama, na ga maza a zaure ba wanda ke son ya fara shigowa. Gardawan kumandan, wato dogaran Nasaran da ke mulkin gari, suka je suka duba wurin suka tafi. Kafin faɗuwar rana an rufe ubanku. Ban yi kuka ba a ranar, haushi ne ya cika ni, haushinsa, kuma na daɗe ina jin nauyin haka.

Ranar sadakar uku Baba ya zo da mutanen Tsibiri. Ina cikin ɗaki na fara takaba, zana ɗaya ce tsakanina da inda maza ke zaune, ina jin komai. Bayan an shafa fatiha Yaya Nomau ya tashi ya dawo. Na ji ƙarar abu ya faɗi a tabarma. Ashe ya je wurin motar ya ciro tiyon.

"Malam Arzika, ga kayanka. Mu ba mu san aikin farfaru ba, kai ka sani. Duba muna, mi ya same shi?"

Na leƙa ta ramin zana, na ga Baba ya ɗauka, ya juya shi, ya kai yatsa daidai inda ya tsage kusa da wata gwiwa. Na jira ya ce ya zo har sau biyu. Na jira ya ce a kira ɗiyarsa ta yi shaida. Na riga na miƙe.

"Aikina ne. Ni na sa shi, ba wanda ya roƙe ni. Allah shi gahwarta mai, ku kuma ku yi haƙuri."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Mata biyu suka riƙe ni suka zaunar, suna tsammanin zafin mutuwa ne.

Na haifi Rabi, takaba ta ƙare, aka mayar da ni Tsibiri. Cikin kayana na ɓoye buhun nan. Ranar da na isa, ko hutawa ban yi ba na sami Baba a rumfa na warware buhun a gabansa. Na gaya masa komai, har da mutumin Dahome. Na ce gobe zan koma Maraɗi in jefa wannan a tabarmar Nomau kamar yadda ya jefa nasa, gari ya ji cewa ƙanensa ya sani, an gargaɗe shi, yana da sabo a ƙarƙashin gado. Baba ya daɗe yana shafa tiyon. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Ashe ya ji ni. Ashe ya ji." Ya share fuska da hannun riga. "Ba ki zuwa ko'ina. In kin kai wanga, mi za a ce? A ce uban Sani ya kashe kainai da wauta. Yaran ga cikin gidan nan za su tashi, da sunan ubansu za su ci abinci, da shi za su yi aure. Mutum ya mutu shina rufa mini asiri, ni in tona nashi? Ni tsoho ne, bayana ya saba da kaya. Muddin ina da rai, ban yahe miki ba in kin buɗe baki."

Na ce wannan ma ai irin waccan kunyar ce da ta kashe shi. Ya ce ya sani. Ya ɗauki tiyon ya shiga da shi bayan gida, ban sake ganinsa ba.

Da aka yaye ku, dangin uba suka karɓe ku, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. Ban hana ba, ba ni da ikon hanawa. Aiki ya ja baya a rumfar Baba, don mata sun fara cewa munduwarsa tana da nauyin hannu, kada a sa wa amarya. Bai yi gardama da kowa ba. Bayan rasuwarsa na so in yi magana, sai na ga Nomau ya tsufa yana riƙe da ku da gaskiya, ya yi muku aure, na ce wa kaina ba yanzu ba. Nomau bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ubanku ma ba na so ku rage masa komai. Mutumin kirki ne da ya ɗauki abu mai kyau ya wuce da shi inda ya kamata ya tsaya, kuma har yau in na tuna shi ina jin so da haushi a haɗe.

Abu ɗaya ya rage, Sani, kuma na san ba ka tuna shi. Kana ɗan yaro, ba ka daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, Baba ya hango ka a kasuwar Maraɗi an aike ka sayen daddawa. Ya sayi dabino ya tsuguna a gabanka ya miƙa maka. Wata 'yar garinmu mai sayar da tabarmi tana wurin, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce ka mayar da hannuwanka baya, ka dube shi ido cikin ido, ka ce Baffa ya ce shi ne ya kashe maka uba. Ta ce Baba ya gyaɗa kai ya ce haka ne, Allah shi yi maka albarka, ya tashi.

Da ya dawo gida da yamma na kawo masa ruwa, na tambaye shi kasuwa. Ya kwance bakin rawaninsa ya zuba dabinon a faifai ya ce in raba wa yaran maƙwabta.

"Na ga Sani," in ji shi. "Ya yi tsawo. Kuma shina son ubanai ƙwarai."